Atilin Bayan Gidan Alhaji Salihu

Ana tsakiyar kiran sallar magariba dutsen ya sauka a kan kwanon kicin. Adama tana tsugune tana kwashe tuwo, 'yarta Zamzam tana wanke kofuna a bakin rijiya, shi kuwa maigidan, Alhaji Salihu, ya naɗe hannun riga yana alwala a kan dakali. Yamma ce irin ta Kafanchan bayan an ɗauke ruwa. Ƙasa ta jiƙe, hayaƙin gidaje ya kwanta ƙasa-ƙasa ya ƙi tashi, daga can titi ana jin ƙarar babura sama-sama.

"'Ya'yan maƙwabta ne," in ji Alhaji, bai ko ɗaga kai ba. "Marasa tarbiyya."

Wani ya sake sauka. Sannan wani ya faɗo tsakar gida, ya gangara a hankali kamar mai ido, ya tsaya a gaban butar Alhaji. Adama ta kai hannu za ta jefar da shi, ta sake shi da ihu. Dutsen da zafi, kai ka ce daga murhu aka ciro shi. Da ta duba tafin hannunta, ya yi dama-dama da baƙin mai.

Gidan ya yi tsit. Ladan ma ya gama. A cikin wannan shirun ne suka ji kuka daga bayan gida, wajen da itacen atili yake. Kukan jariri ne, amma wanda ya daɗe yana yi har murya ta dushe. Bayan katangar gidan kuwa babu gida, babu kowa, sai gonar citta.

Zamzam ta saki kofi ya faɗa rijiya. Ta dubi ubanta. Uban ya dubi butarsa.

Ya san baƙin man nan. Shi ya saye shi da hannunsa a garejin bakin kasuwa.

Alhaji Salihu dillalin citta ne, kuma irin mutanen nan ne da wayonsu yake farawa daga aljihu ya ƙare a aljihu. Filin gidansa a hannun iyalan marigayi Kumai ya saya. To mutanen ƙasar nan suna da al'adarsu, wadda duk wanda ya zauna da su ya sani: in sun sayar maka da fili, ƙasar suka sayar, ba itacen da yake kanta ba. Katanga taka ce, rijiya taka ce, amma atilin da ke tsaye a bayan ɗakinka na Mama Lai'atu ne, matar marigayin. A gaban mai unguwa aka faɗa, a gabansa Alhaji ya ce ya yarda. Muddin itacen yana da rai ba mai sa masa gatari. In ya mutu don kansa, to mai fili ya share wurinsa.

Shekaru ana haka. In lokacin 'ya'ya ya yi, tsohuwa ta shigo da kwandonta da doguwar gorarta, ta kaɗe, ta tsince, ta bar wa Adama cikin kwano. Ita ta koya wa Zamzam yadda ake jiƙa atili a ruwan ɗumi har ya yi laushi, ba tafasasshe ba, don tafasasshe ƙanƙame shi yake. Ba wanda itacen ya tsare wa komai, sai da ɗaliban jami'a suka fara yawo unguwa-unguwa suna neman ɗakin haya. Daga ranar Alhaji ya daina ganin itace a bayan gidansa. Jerin ɗakuna yake gani, da wani ƙaton abu tsaye a kansu.

Ya nemi ta sayar masa. Ta ce, "Alhaji, Kumai ya same shi a nan, ya bar shi a nan. Ni ma haka zan bar shi."

Sai ya zauna ya yi tunani irin nasa. Ai ba a ce kada itace ya mutu ba, cewa aka yi kada a sare. Ya tone ƙasar gindin, ya sa wuƙa ya fere ɓawon ya zagaye kamar zobe, ya mai da ƙasa ya rufe. Saura ruwan zafi da gishiri da baƙin mai, wanda ake so a riƙa bi da shi kullum har saiwa ta dahu. Nan ne fa abin haushin yake. Ƙato da shi, mai gemu, bai yarda a gan shi da bokiti a gindin itacen tsohuwa ba. Sai ya kira 'yarsa, yarinyar da ko sakandare ba ta gama ba, ya ce maganin gara ne. Ta riƙa zubawa da magariba, sa'ad da kowa ya shige gida.

"Baba, Dada ta hana zubar da ruwan zafi da magariba," in ji Zamzam, don haka take kiran uwarta.

"Ni na haifi Dadar taki ko ita ta haife ni? Ɗauki ki wuce! Kuma in na ji maganar nan a bakinta, sai na karya ki."

Yarinya ta ɗauka. Tsoron uba ya kore mata bisimillah daga baki. Ta sheƙa tafasasshen ruwa a ramin saiwa ba sallama, ba gargaɗi, ta juyo da gudu. Haka ta yi ta yi, yamma bayan yamma.

Itacen ya fara zubar da ganye a tsakiyar damina, lokacin da kowane tsiro yake haukan kore. Mama Lai'atu ta zo ta tsaya a ƙarƙashinsa ta daɗe, ta ce a rage masa rassa, a sa masa taki, zai farfaɗo. Alhaji ya yi fuskar ta'aziyya, ya ce ai shi tsoronsa kada ya faɗo kan iyali. Mai unguwa ya ce a bar shi ya ga ƙarshen ruwa tukuna. Ana cikin wannan jiran ne aka fara jifa.

Daga ranar ba a sake yin magariba lafiya a gidan ba. Rana tana sunkuyawa duwatsu za su fara, ba da yawa ba, ɗaya, a jima, ɗaya, kamar mai jifar ba ya sauri. Tuwo ya riƙa fitowa da ɗanɗanon gishiri har ba ya ciwuwa. Ruwan randa ya riƙa yin ɗumi shi kaɗai. Kukan nan kuwa kullum yana ƙara matsowa, daga gindin itace zuwa bayan kicin, daga bayan kicin zuwa ƙarƙashin tagar Zamzam. Alhaji ya je ya karɓo layu da guru ya ɗaure a damtse da ƙugu, ya yi wanka da rubutu. Na mutum ɗaya ya karɓo.

Sai hannun Zamzam na dama ya tashi. Ta kwanta lafiya, ta farka da bororo tun daga yatsu har gwiwar hannu, irin na wanda ya tsoma hannu a tukunya. A asibiti suka wanke suka naɗe, suka tambayi wace wuta ce, ba amsa. Ta daina cin abinci. Ta daina duban mutane. Wata yamma Adama ta neme ta ta rasa, ta zagaya baya ta same ta zaune a gindin atili, ta naɗe ƙafa irin zaman tsofaffi, ta rungume abin da ido ba ya gani tana jijjiga shi.

"Zamzam? Tashi mu shiga ciki."

Yarinyar ta ɗago. Muryar da ta fito daga bakinta ta wata tsohuwa ce, mai kauri, mai sanyi.

"Yi a hankali. Yanzu ya samu ya yi barci."

Adama ba ta san sa'ad da ta kai ƙofar Mama Lai'atu ba, ba mayafi ba takalmi. Tsohuwa ta zo ta durƙusa daga nesa ta yi addu'arta, ta kira sunan Ubangiji. Da ta tashi ta ce, "Maman Zamzam, wannan ba ciwon asibiti ba ne. Tun muna yara an ce mana akwai masu zama a wannan itace. Ba su taɓa kowa ba. Wani ya taɓa su. Ki nemo malaminku."

Alhaji ya ce ba wanda zai shigo masa gida ya yi masa tone-tone. A zamansu Adama ba ta taɓa ƙetare maganarsa ba, ran nan ta ƙetare. Ta aika wa ɗan'uwanta a Zangon Kataf, ya zo mata da Modibbo Hammawa.

Modibbo tsoho ne siriri, wanda ya yi kiwo kafin ya yi karatu, ba ya ɗaga murya ko da shanu. Ya iso bayan la'asar. Bai nemi abinci ba, ya nemi tabarma da ruwa a ƙwarya. Aka zaunar da Zamzam a tsakar gida, uwarta ta riƙe ta ta baya, Mama Lai'atu tana rakuɓe a bakin zaure, Alhaji yana tsaye jikin bango da carbi yana ja kamar zai tsinka shi.

Modibbo ya fara karatu. Ya daɗe yana yi. Inuwar katanga ta miƙe ta rufe tabarmar, kaji suka shige akurki tun lokacinsu bai yi ba, iska ta tsaya cak. Yarinyar ta fara miƙa, ta fara gurnani, sannan ta zauna daram ta buɗe ido a kansa.

"Ya isa, Bafillace. Na ji ka."

"Wace ce ke?"

"Sunana ba naka ba ne. Ina cikin itacen can tun ba a shimfiɗa hanyar jirgi a garin nan ba."

"Me yarinya ta yi miki?"

"Ɗana yana kwance a cikin saiwa, inda sanyi yake. Aka sheƙa masa tafasasshen ruwa. Na ɗauke shi na koma wata saiwar, aka sake sheƙawa. Ba sallama, ba a ce ku kauce ba."

"Ya mutu?"

"Da ya mutu da ya huta."

Adama ta fashe da kuka a bayan 'yarta. Modibbo ya bari ta lafa, sannan ya ce, "An zalunce ki. Amma yarinya ba ta san kuna nan ba."

"Na sani. Ita hannu ce kawai. Hannun na kama don shi na samu a buɗe. Wanda ya aiko ta ya kulle jikinsa da layu tun daga damtse har ƙugu, ya bar 'yarsa ba ko tsinke." Ta juya kan yarinyar a hankali, har idanun suka tsaya a jikin bango. "Ba na iya shiga inda aka kulle. Sai mai ƙofa ya buɗe da bakinsa. Ya ce, ni ne na aike ta. In ya faɗa, yanzu zan sake ta, ni da shi mu ƙarasa."

Ba wanda ya yi motsi. Carbin ya tsaya a hannun Alhaji. Ya ji idon matarsa a kansa, ya ji na tsohuwa daga zaure. Ya dubi hannun 'yarsa da ke naɗe da bandeji, ruwa yana tsattsafowa ta cikinsa. Maganar gajeriya ce, ko numfashi ɗaya ba za ta cinye ba. Ya buɗe baki.

"Modibbo," ya ce, "ai kai ka fi ni sani, aljani maƙaryaci ne."

Dariyar da ta fito daga bakin yarinyar, har yau Adama ba ta son a tuna mata.

Modibbo ya kau da kai daga gare shi. Ya mai da fuska ga mai maganar. "Zan iya ƙona ki da ayoyin Allah, kin sani."

"Ƙona. Kafin in ƙone zan tafi da hankalinta, ku riƙe gangar jikin."

"To faɗi abin da zai fitar da ke."

Ta jijjiga abin da ke hannunta. "Gidana nake so. Ba ni da inda zan kai yaro mai ƙuna. A daina zuba mana wuta, a yi jinyar itacen. Muddin akwai ɗanyen ganye a kansa, ina can, ba ruwana da kowa. Ranar da ya mutu ko aka kayar da shi, to an raba ni da gida, ga kuma wanda na riga na sani, mai ɗumi, jikin yarinyar nan. Duk inda take zan same ta. In na shiga a karo na biyu, ko kai ba ka fitar da ni. Sai dai shi ya faɗi maganar nan."

"Alhaji, ka ji sharaɗi. Ka ɗauka?"

"Na ɗauka, na ɗauka! Wallahi ba mai taɓa itacen nan."

Modibbo ya sa ta yi alkawari da sunan Wanda ya halicce ta, ya tofa a ƙwarya ya shafa wa yarinyar a fuska. Zamzam ta yi atishawa mai ƙarfi, jikinta ya saki, ta zube a cinyar uwarta. Can bayan gida busassun rassa suka yi wata girgiza, ba iska. Da ta buɗe ido, da muryarta ta ce, "Dada, yunwa nake ji."

Kafin ya tafi, Modibbo ya zagaya baya ya tone gindin itacen da sandarsa. Zoben ya fito fili, baƙi ƙirin, yana warin gareji. Mama Lai'atu ta gani, ta dafe ƙirji. Tsohon ya bi zoben da yatsa har ya tsaya a wani wuri ta gefen katanga, inda wuƙa ba ta kai ba. Wani siririn ɓawo ya rage, ɗanye, ya haɗa sama da ƙasa.

"Ta nan yake shan ruwa," ya ce. "Zai iya rayuwa. A kwashe ƙasar nan mai mai, a kawo sabuwa. A kwaɓa kashin shanu da laka a shafe ciwon, kada a bari ya bushe. Ba aikin wata ɗaya ba ne, na shekaru ne." Ya dubi Alhaji ido cikin ido. "Ran 'yarka ne a wannan ɗan ɓawon. Ka san yadda za ka yi da shi."

Mata biyu suka ɗauki aikin. Adama ta riƙa zuwa ruga tana roƙon kashin shanu, tsohuwa tana kwaɓawa da hannunta. Jifa ta tsaya. Hannun Zamzam ya warke, ya bar tabo. Ta koma makaranta, ta koma dariya, sai dai in ubanta ya shigo tsakar gida ta tashi ta shige ɗaki. Bayan ruwa ya ɗauke, wata safiya Mama Lai'atu ta ƙwala kira. A kan wani reshe na ƙasa, tofo ya fito, jajaye-jajaye, masu taushi. Tsohuwa ta yi ta rawa tana waƙar coci, Adama tana hamdala tana share hawaye.

Alhaji ma ya zo ya gani. Daga nan ya wuce inda ya jibge bulon da ya saya tun bara, ya ga gansakuka ta fara cinsa. Maƙwabcinsa na hagu ya gama ɗakunansa, ɗalibai har sun rataya labule. Abin ya tsaya masa a wuya. Shekaru? Ya zauna yana gadin kashin shanu shekaru, don wata tsohuwar aljana ta yi renon ɗanta?

Mai neman a ce masa e ba ya rasa wanda zai ce. A tasha ya sami wani mai sayar da magani a bayan mota, ya tambaye shi a kaikaice. Mutumin ya ce ai aljanin itace ba ya ƙetare ruwa mai gudu. Alhaji ya lissafa kogunan da ke tsakanin Kafanchan da Jere, inda ƙanwarsa Shamsiyya take aure, ya ji zuciyarsa ta yi sanyi.

Ya ce Zamzam ta je wajen gwaggonta ta canja iska. Da kansa ya kai ta tasha, har ya saya mata burodi. Washegari da sassafe ya sa hannu ya murje tofon nan tas, ya kira mai unguwa ya nuna masa busassun rassa. Mai unguwa ya ɗaga kai ya duba, ya ce lalle wannan ya gama.

Ranar Lahadi ya zaɓa, ranar da Mama Lai'atu take wuni a coci. Da Adama ta ga mai injin yankan katako ya shigo, ta sha gaban mijinta ta riƙe masa riga.

"Alhaji, ka yi rantsuwa! A gabana ka yi!"

"Sake ni. Yarinya tana Jere, me zai same ta a Jere?"

"Ta ce duk inda take! Don girman Allah, 'yarka ce!"

Ya fizge rigarsa, ya tura ta ɗaki ya sa sakata ta waje. Ta yi ta dukan ƙofa har injin ya tashi ya danne muryarta.

Itacen bai faɗi da wuri ba. Sai da aka bi rassan ɗaya bayan ɗaya, aka ɗaura igiya, rana ta karkata. Da injin ya shiga gindin, mai yankan ya tsaya ya shafa haƙoran zarton, ya ce, "Alhaji, wannan fa ɗanye ne a ciki." Alhaji ya ce ya yi aikin da aka kira shi. Gab da magariba atilin ya yi wata ƙara mai tsawo, ya kwanta. Ƙasa ta amsa. Haske ya zubo bayan gidan, fili fetal, har ya fi yadda Alhaji ya zata.

Ya tsaya ya saurara. Ba jifa. Ba kuka. Ya yi murmushi, ya je ya zare sakata.

Adama tana zaune a ƙasa, wayarta a kunne. Ba kuka take ba. Daga inda yake tsaye yana jin ihun Shamsiyya a cikin wayar, tana salati, tana cewa a riƙe Zamzam, a riƙe ta. Adama ta miƙe ta sa masa wayar a hannu, ta naɗe yatsunsa a kanta da nata hannuwan biyu.

Ya kai kunne. Ihun ya ja baya, wani ya karɓi wayar. Sai numfashi, a hankali. A bayan numfashin, kusa ƙwarai, jariri yana kuka da dusasshiyar murya.

"Mun iso lafiya," in ji tsohuwar muryar. "Ɗakin ya yi mana." Ta ɗan dakata. "Tana nan a ƙasa, tana jin ka. Kana da magana?"

Can ƙarƙashin muryar, siririya kamar daga cikin rijiya, wata muryar ta ce, "Baba."

Adama ta durƙusa ta kama ƙafafunsa. "Faɗa mata. Ka ce kai ne. Alhaji, faɗa mata kawai."

Alhaji Salihu ya ɗaga kai. Ta tagar ɗaki yana hango filin, da kututturen, da bulonsa a jibge. Ya ɗaga wayar daga kunnensa ya dube ta, ya ɗan girgiza ta.

"Halo? Halo?" ya ce. "Ba na jin komai. Sabis ba kyau."

Ya kashe.